Na Kushe Hannun Jarin Yayata Don In Saya

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida masu karatu, manya da ƙanana. Roƙona biyu ne kafin in fara. Na farko, a ɓoye sunana. Na biyu, kada kowa ya yanke mini hukunci sai ya kai ƙarshen zancen, domin ni kaina na sha yanke wa kaina hukunci, kuma kowane lokaci daban yake fitowa. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, don ba na son magana a hargitse.

Ni Bahaushe ne haifaffen Injamena, na haura hamsin. Mahaifinmu daga Damagaram ya biyo shanu ya zauna a nan. Na yi allo, na yi lakwal ta firamare, a nan karatuna ya tsaya. Faransanci ina karanta shi a hankali, amma lissafi ba a cuta ta a ciki. Sana'ata damin ne a kasuwar shanu. Ga wanda bai san kalmar ba, a nan Cadi damin shi ne wanda yake tsayawa tsakanin mai dabba da mai saye, ya lamunce cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma abin da aka faɗa a kanta haka yake. In na ɗora hannu a gadon bayan saniya na ce "na lamunta", Balarabe da Bafillace da mahauci duk sun daina tambaya. Wannan kalmar ita ce gonata, ita ce jarina, ban taɓa ɗora ta a kan ƙarya ba. Amma akwai wani ɓangare na sana'ar da dole in faɗa. Ina da ɗan garke a Tukura inda nake turke shanu, kuma ranar da nake saye wa kaina, to ni ba damin ba ne, mai saye ne, ina kushe dabba kamar kowa. In zagaya ta, in girgiza kai, in ce ƙafar baya tana ja, in ce idonta bai yi mini ba, har mai ita ya sauko. Wurin mahaifinmu na koya. A kasuwa ba a kiran wannan zamba, ciniki ake ce masa, domin mai dabbar ma ya san wasan.

Yanzu sai Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau da furfura a gemuna Auta take ce mini, ko a gaban surukaina. Gwanjo take sayarwa a kasuwar Dembe. Mijinta, Allah ya jiƙansa, direba ne a wani banki mai rassa a ƙasashen yankinmu. Lokacin da bankin ya buɗe wa ma'aikata ƙofar sayen hannun jari, sai ya riƙa saye kaɗan-kaɗan, yana sa sunan Yaya. Mutum ne mai shiru, ban taɓa sanin yana da wannan dabarar ba. Da ciwo ya yi masa nauyi, ya bar mata wasiyya cewa kada ta sayar da su komai wuya, sai dai in wanda ta yarda da shi ya duba ya ce mata sun lalace. Na san wasunku za su fara da maganar kuɗin ruwa. Ku faɗa, zan ji, na kuma san da ita. Amma ba ita ta hana ni sukuni ba, don haka ina roƙon a jinkirta ta zuwa bayan tambayata.

Bayan ta fita takaba, rufin ɗakinta ya fara zuba, dilar gwanjo kuma ta yi tsada. Sai ta kira ni, ta ce tunda ni nake sanin kuɗin saniya daga tafiyarta, in je in duba mata wannan abin da aka bar mata, in gaya mata ko mai rai ne ko mushe. Na ce to. Na tafi biro, wato ofishin dillalan hannun jari da ke riƙe da takardunta, wajen Kabalaye. Wata mata na tarar, Madam kowa yake ce mata, muka yi magana da Larabci. Na gaya mata a fili cewa ban iya dogon turanci ba, ta faɗa mini yadda ake gane tsada da arha a wannan kaya da ba shi da haƙori balle a duba shekarunsa. Ta yi dariya, ta ce akwai ma'auni, PER suke ce masa. A ɗauki farashin hannu ɗaya a kasuwa, a raba shi da ribar da bankin ya samu a shekara a kan kowane hannu ɗaya. Na ce wato kamar in sayi saniyar tatsa, in duba nonon shekara nawa zai mayar mini da kuɗinta. Ta ce haka ne, sai dai in sani ba duk ribar ake miƙo wa mai hannun jari ba, wata tana zama a cikin bankin. Na ce wannan ma na sani, maraƙi ma yana shan nasa.

Sai muka buga lissafi. Hannu ɗaya yana wajen jika arba'in na sefa, wato dubu arba'in, ribar bara a kan kowane hannu kusan jika goma. Huɗu ke nan. Na tambaye ta sauran bankuna masu irin girmansa fa, ta ce galibi suna kusa da goma. Jama'a, ku duba fa. Saniyar da nonon shekara huɗu zai biya kuɗinta, ana sayar da ita a kasuwar da sa'o'inta sai sun shekara goma! Na tuna Madam ta buɗe baki ta ce, "Amma Alhaji, wannan lambar ita kaɗai ba ta..." sai na ɗaga mata hannu na ce kalas, ya isa, na gane. Me ya sa na katse ta? Ni da nake faɗa wa masu saye kullum cewa dabba mai arha a duba ta sau biyu? Ban so in ji aibin ba ne, domin tun kafin in sauka daga benen da biron yake na riga na gama sayen kayan a raina. A kan kalando, babur ɗin haya, kafin mu kai Dembe, har na zaɓi bijiman da zan sayar a Tukura in haɗa kuɗin.

Ga abin kunyar. Na shiga rumfar Yaya, ta kawo mini shayi, ta zuba mini ido. Ban yi niyyar ƙarya daga gida ba, Allah ne shaidata, amma bakina ya san hanyar da ya saba bi. Na girgiza kai. Na yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da nake yi a gaban Bafillace. Sannan na ce mata lambar bankin ta fito huɗu, na sauran goma, kuma ita ma ta san kayan da ya faɗi ƙasa da rabin sa'o'insa akwai dalili. Na ce masu kuɗi sun ji warin wani abu shi ya sa suke gudu. Na ce bankin kamar saniya ce mai ciwon huhu, tana tsaye tana tuƙa, amma ba za ta ga damina ba. Duk lambobin da na faɗa gaskiya ne, fassarar ce na juya, domin a lokacin abin da na yi imani da shi shi ne kayan lafiyayye ne, arha kawai ya yi. Daga ƙarshe na ce, don kada ta yi asara, ni zan karɓa a farashin kasuwa, in ta faɗi ta faɗo a kaina, ai namiji ya fi jure asara.

Yaya ta sunkuya kan kayanta. Tana ninke wata rigar sanyi, ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa. Can ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ce goyon da ta yi bai faɗi ƙasa ba. Kafin mako ya zagayo, labari ya gama dangi. Matata ta dawo daga suna tana gaya mini cewa ana ta yabona, wai Auta ya ɗauke wa yayarsa mushe ya ɗora a kansa. Ta dube ni ta gefen ido ta ce ita dai tunda aka kawo ta gidana ba ta taɓa ganin na sayi mushe ba, ko na kaza. Na daka mata tsawa, na ce ta kula da tukunyarta. Amma maganar ta zauna.

Na sayar da bijimaina, na haɗa kuɗin, aka sa ranar da za mu je biro a juya takardun daga sunanta zuwa nawa. Sai ga abu na gaba. Wata rana da hantsi ina wucewa ta Kabalaye, na ga babban ginin bankin, wanda mijin Yaya ya shekara da shekaru yana ajiye mota a gabansa, an cire allon sunan, masu fenti suna kai. Na tsaya na tambayi mai gadi, ya ce ai tun bara aka sayar, bankin ya koma haya a wani ƙaramin wuri. Ban koma kasuwa ba, kai tsaye na hau benen Madam, na ce yau ta ƙarasa maganar da na katse.

Ta ƙarasa kuwa. Ta ce ribar bara ba duka daga aikin banki ta fito ba. Bankin ya sayar da gine-gine, a nan da wasu ƙasashen, aka zuba abin da aka samu a cikin ribar shekarar. Gini kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. In an cire wannan, abin da ya rage a kan kowane hannu bai fi jika uku ba. Na buga a kaina tun kafin ta taɓa na'urarta: arba'in a raba da uku, ya haura goma sha uku. Wato kayan da na ɗauka ya fi na kowa arha, ya fi na kowa tsada. Ni, damin, an nuna mini saniyar da aka ba kanwa ta sha ruwa cikinta ya cika, na ce ƙiba ce. Na tambaye ta, to bankin ciwo yake ke nan? Ta ce ba ta ce ba. Ta ce mai yiwuwa ya sayar da ginin ne don ya toshe ramin bashin da mutane suka ci ba su biya ba, mai yiwuwa kuma dabara ce, ya ga haya ta fi masa sauƙi, zai juya kuɗin ya ƙara riba. Ta ce sai rahoton shekara mai zuwa ya fito za a san inda aka dosa, kuma ma'aunin nan yana gaya maka abin da mutane suke biya ne, ba ya gaya maka abin da gobe za ta haifa.

Ina shirin tashi, sai ta ƙara wata magana kamar ba da gangan ba. Ta ce, "Ku 'yan gidan nan akwai bincike. Hajiya ma da ta zo, tambayar ginin ta fara yi." Na ce wace Hajiya? Ta ce yayata mana, mai takardun. Na ce yaushe ta zo? Nan take fuskarta ta canja, ta ce ba ta da izinin faɗin harkar wani ga wani, ko da ɗan'uwansa ne, ta ma yi kuskure da ta ambata.

Tun daga ranar ban sake yarda da kowa ba, har ni kaina. Bari in jera muku zargin yadda yake zuwa mini. Yaya ta je biro, wannan tabbas ne. In kafin ta aike ni ta je, to ta san ribar ta kumbura, ta san lambar za ta fito huɗu, ta kuma san halin ƙaninta in ya ga arha. Ke nan ba aike ta yi mini ba, tarko ta ɗana, ni kuma na shiga da ƙafata ina murna. Kada ku ce tsohuwa ba za ta iya ba. Matar da ta shekara talatin tana sayar da gwanjo, wadda ta san yadda ake juya riga a ɓoye inda ta ƙone, ita za a koya wa ciniki? Kuma mijinta direban manyan bankin ne, me bai ji ba a cikin mota, me bai faɗa mata ba? In kuma bayan na kushe kayan ta je, to ba ta yarda da maganata ba ne, ta bi sawuna ta bincika. Me Madam ta gaya mata? Ta gaya mata na katse ta ina rawar jiki? Ta gaya mata na fita ina murmushi, ni da na isa rumfa ina girgiza kai? Ita kanta Madam ɗin, me ya sa ta saki maganar? Dillaliya ce kamar ni, la'adarta tana fitowa ne in an yi ciniki. Ko so take in ji tsoro in sayar bayan na saya, ta ci sau biyu? Ko kuwa tausayin Yaya ta ji, take ja mini kunne? Sai kuma in dawo in ce, kai wane, kai da ka shiga rumfar wadda ta goye ka da niyyar cuta, kai ne kake tuhumar mutane?

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar da na yi tana neman zama gaskiya a hannuna. Na ce bankin ciwo yake alhali ina ganin lafiyarsa ƙalau. Yanzu ga shi wataƙila ciwon yake. To na yi ƙarya ko ban yi ba? In bankin ya faɗi, dangi za su ce Auta waliyyi ne, ya hango, ya ceci yayarsa, ni kuma na san ɓarawo ne da ya fasa ɗaki ya tarar babu komai. In bankin ya tashi, na ci dukiyar marainiyar Allah da bakina, kuma yabo yana bina.

Shekaranjiya bayan la'asar na je gidanta, da niyyar in auna ta. Na ɗauko zancen ginin a kaikaice, na ce na ga ana fenti a tsohon wurin aikin marigayi. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce duniya ke nan, gini ma yana canja mai shi. Ta zuba mini karkanji, wato zoɓo, ta zauna a tabarma tana tsince wake. Sai ta ɗauko hirar mahaifinmu, yadda yake tafiya da ita kasuwa tana yarinya tana riƙe masa buta. Ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Baba in ya tashi son saniya, da ƙafar baya yake farawa. Sai ya yi shirun nan, ya girgiza kai. Kai ka gaje shi sak, Auta, har shirun."

Na ajiye kofin karkanjin. Na ce me take nufi. Ta ce ba ta nufin komai, tuna baya kawai take yi, tsufa ne. Sannan ta ajiye farantin, ta dube ni sosai, ta ce abu ɗaya ne ya rage mata. Marigayi ya ce kada ta sayar sai wanda ta yarda da shi ya ce sun lalace, kuma ba ta son ta haɗu da shi gobe kiyama da wasiyyarsa a karye. Ta ce, "Ranar da za mu sa hannu, kafin in dangwala, ka ɗora hannunka a kan takardun yadda kake yi wa saniya. Ka ce sun lalace, ka ce ka lamunta. In ka faɗa, ni na huta, ba zan sake tambayar kowa ba."

Na ce mata ai na riga na faɗa a rumfa. Ta ce a rumfa ƙaninta ne ya yi magana, ita damin take so ta ji.

Na fito ban san ko na yi mata sallama ba. Har yanzu ban gane ba, ƙofa ta buɗe mini don in tuba, ko igiya ta miƙo mini in ɗaure kaina? Ko kuma ba ta san komai ba, tsohuwa ce kawai mai tsoron wasiyya, ni ne laifina yake sa ni jin ƙarar takalmi a bayana?

Ga hanyoyin da nake gani, kuma kowace da ƙaya. Ta farko, in ɗora hannu in ce na lamunta. Zan iya kare kaina in ce ai ga gini an sayar, ga riba ta kumbura. Amma ban san sun lalace ba, Madam ma ba ta sani ba, kuma damin ba ya lamunce abin da bai sani ba. In na yi, na kashe kalmar da nake ci da ita, ko da babu wanda ya gani sai ni da ita. Ta biyu, in ce na fasa saye, ta riƙe kayanta har rahoto ya fito. Za ta tambaye ni dalili. In na ce don na gano ciwon gaske ne, sai ta ce ashe da can ba ka gano ba, to me ka gani da ka ce za ka saya? Ta uku, in durƙusa a gabanta in faɗi komai tun daga benen Madam, in ce Yaya na kushe ne don in saya. Wannan ita ce hanyar da na san malamai za su nuna mini. Amma in ba ta sani ba, na fasa mata abin da take taƙama da shi a gaban dangi, goyon da ta ce bai faɗi ƙasa ba. In kuma ta sani, har ta shirya mini tarkon, to ranar za mu zauna mu biyu, 'ya'yan mutum ɗaya, kowa ya ga fuskar ɗan'uwansa babu mayafi, kuma ban san ko za mu iya sake shan shayi a rumfa ɗaya ba.

Bijimai sun tafi, wannan ban damu ba, ana sake turke wasu. Yaya ɗaya gare ni, kalma ɗaya gare ni, kuma an ce in ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ranar Litinin mai zuwa za mu hau benen nan, ta riga ta ba da ɗinkin sabon mayafi saboda ranar. Ɗazu ta aiko mini da saƙo cewa kada in makara, kuma in zo da hannun dama a wanke.

Don Allah, masu hankali a cikinku, musamman waɗanda suka san ciniki kuma suke da 'yan'uwa, in ta tura takardun gabana ta zuba mini ido, me zan yi?